Ku Tambaya Mu Amsa: Lafiyar Ruwan Famfo a Ƙaramin Gari

Wasiƙun da suka iso wannan fili a kan ruwan famfo sun fito ne daga mazauna ƙananan garuruwa, inda hukumar ruwa ba ta da ma'aikata da kayan aiki irin na manyan birane. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Malam, ruwan famfonmu yana zuwa da wani wari irin na magani, musamman da safe, har maigidana ya hana yara sha, ya ce a koma ga ruwan rijiya tunda shi garau yake kuma ba ya wari. Wanne ya fi zama lafiya? Daga wata uwar yara huɗu.

Amsa: Malama, warin da kike ji na sinadarin kulorin ne, wanda ake zubawa a matatar ruwa domin ya kashe ƙwayoyin cutar da ke haddasa kwalara da zazzaɓin taifot da gudawa. An fara zuba shi a ruwan shan gari ba tare da yankewa ba a birnin Jersey City na Amurka a shekarar 1908, kuma daga nan ya bazu a duniya saboda yadda taifot ta ragu a garuruwan da suka karɓe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ruwan da ya iso bakin famfo ya kasance da ragowar kulorin aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita, kuma ta sa iyakar sama a miligiram 5. Hancin ɗan Adam yana jin warinsa tun adadin bai kai ko kusa da wannan iyaka ba, don haka jin warin kaɗai bai nuna an zuba fiye da ƙima ba.

A gaskiya ni wannan wari yana kwantar mini da hankali, domin shaida ce cewa maganin ya raka ruwan tun daga matata har cikin gidanki, yana taimakawa wajen tsare shi daga yawancin ƙwayoyin cutar da kan kutsa cikin bututu a hanya. Ruwan rijiya kuwa, komai haskensa, ba shi da wannan kariya, kuma ƙwayoyin cuta ba su da launi, ba su da wari, ido ba ya ganinsu. Rijiyar da ke kusa da masai ko turken dabbobi tana iya ba da ruwa fes alhali yana ɗauke da cuta. Ki sanar da maigida wannan cikin ladabi, sannan ki ɗebi ruwan famfon a mazubi mai tsabta, ki rufe bakinsa da ƙyalle mai tsabta na wasu sa'o'i, warin zai ragu da kansa. Abin lura shi ne, da zarar warin ya tafi kariyar ma ta tafi, saboda haka a shanye wannan ruwa a ranar, kada a ajiye shi kwanaki. Idan warin ya yi ƙarfin da yake sa ido ko maƙogwaro yaji, wannan kam abin kai wa hukumar ruwa ƙorafi ne.

Tambaya: A garinmu ba kullum ake kawo ruwa ba. Duk ranar da aka sako shi bayan ɗaukewa, sai ya fara zuwa ja-ja-ja da laka, daga baya ya washe. Shin idan ya washe ya halatta a sha? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a cikin duk wasiƙun, kuma zan ɗan tsawaita a kanta. Jan launin yawanci tsatsa ce da laka da suka kwanta a cikin tsofaffin bututun ƙarfe, ƙarfin ruwan da aka sako ya tayar da su. Tsatsar kanta ba ita ce babbar matsala ba, domin ƙarfen da ke cikin ruwa ya fi ɓata ɗanɗano da tufafin wanki fiye da cutar da jiki. Abin tsoron yana cikin ɗaukewar ruwan.

Bututun da ke cike da ruwa mai ƙarfi, idan yana da tsaga, ruwa ne ke fita waje ta wurin. Idan aka ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, sai lamarin ya juya, ruwan da ke kwance a ƙasa kewaye da shi ya riƙa tsiyaya ciki ta wannan tsagar. Idan bututun ya ratsa ta cikin kwata, ko ya bi ta gefen ramin masai, to abin da ya shiga shi ne zai fara isowa gidaje ranar da aka dawo da ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa ruwa yake iya barin matata da cikakkiyar lafiya amma ya iso gida da cuta, kuma haɗarin ya fi yawa da damina, lokacin da ƙasa ta jiƙe. Masu haɗa injin jan ruwa kai tsaye a jikin bututun gari suna ƙara dagula al'amarin, domin zuƙar da injin ke yi tana rage ƙarfin ruwa a bututun maƙwabta, tana jawo ƙazanta ciki. Ina ganin wannan ɗabi'a cutar da jama'a ce, ko da mai yin ta bai yi nufin haka ba.

Ƙananan garuruwa sun fi shiga wannan hali saboda sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke kula da matata, kuma gwaji ba ya yawaita. Ko a ƙasashe masu arziki abin ya faru. A watan Mayu na shekarar 2000, a Walkerton, wani ƙaramin gari mai mutane kusan 5,000 a lardin Ontariyo na Kanada, ruwan sama mai yawa ya wanke kashin shanu daga wata gona zuwa ɗaya daga cikin rijiyoyin da ke ba garin ruwa, aka kuma yi sakaci wajen zuba kulorin da auna shi. Mutane fiye da 2,000 suka kamu da rashin lafiya, bakwai suka rasu.

Abin da za ka yi shi ne, idan an dawo da ruwa ka bar famfo a buɗe har ya washe, ka tara wannan ruwan farko don ban-ruwan shuke-shuke ko wanke tsakar gida. Wanda za a sha kuwa, ko da ya yi garau, a tafasa shi. Ma'aunin tafasa shi ne ruwan ya riƙa tafarfasa sosai na tsawon minti ɗaya cur, sannan a bar shi ya huce a rufe. Idan da sauran laka a cikinsa, a bari ya kwanta a tsiyaye na sama, ko a tace da ƙyalle mai tsabta kafin a ɗora a wuta. Wanda zai yi amfani da ƙwayar maganin tsarkake ruwa ya bi adadin da aka rubuta a jikin kwalin, ya jira minti 30 kafin sha, ya kuma sani cewa laka tana rage ƙarfin maganin. Akwai ma wata ƙwayar cuta mai suna kiriftosiforidiyum wadda kulorin ba ya kashe ta da sauƙi, ita ce ta sa wa mutane kimanin 400,000 rashin lafiya a birnin Milwaukee na Amurka a 1993, amma tafasawa tana gamawa da ita.

Kada kuma ka manta da tankin gida da mazubin ajiya. Tankin da ba shi da murfi, ko aka shekara ba a wanke shi ba, yana iya lalata ruwa mai kyau, haka nan mazubi mai faɗin baki da kowa ke tsoma hannu da moɗa a ciki. Mazubi mai ƙaramin baki da murfi, wanda ake tsiyayowa daga gare shi, ya fi aminci.

Tambaya: Wani lokaci ruwan yana fitowa fari kamar an zuba masa madara. Mene ne wannan? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗalibi, ka zuba shi a kofin gilashi ka jira minti biyu ko uku. Idan ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama, iska ce kawai ta gauraya da ruwan a cikin bututu, ba ta da wata illa. Idan farin ya ƙi tafiya, ko wani abu ya kwanta a gindin kofin, kada ka sha sai an bincika.

Tambaya: Ina da jaririya 'yar wata uku da nake haɗa wa madarar gwangwani, kuma gidan da muke ciki tsoho ne ƙwarai. Kullum ina tafasa ruwan. Shin hakan ya wadatar? Daga wata mai jego.

Amsa: Allah ya raya, Malama. Tafasawar da kike yi daidai ce, ki ci gaba da ita, domin tana kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai akwai abubuwa biyu da wuta ba ta kawar da su, hasali ma idan ruwa ya daɗe yana tafasa ya ƙone, yawansu a cikin abin da ya rage ƙaruwa yake yi.

Na farko dalma ce. Ba kasafai take fitowa daga kogi ko rijiya ba, tana narkewa ne daga tsofaffin bututu da mahaɗansu da wasu kawunan famfo, musamman idan ruwa ya kwana a ciki. Ba ta da ɗanɗano ko launi, kuma tana cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara da 'yan tayi, cutarwar da ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin miligiram 0.01 a lita, tare da bayyana cewa babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa. A garin Flint na jihar Michigan a Amurka, an sauya tushen ruwan gari zuwa kogin Flint a watan Afrilun 2014 ba tare da zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba, sai dalma ta narke ta shiga ruwan gidaje, aka kuma gan ta a jinin yara. Matakin da ke hannunki shi ne, da safe ko bayan an daɗe ba a buɗe famfo ba, ki bar ruwa ya zuba na 'yan mintoci kafin ki ɗebi na sha da na girki. Idan gidan yana da famfon ruwan zafi, kada ki haɗa madara da shi, saboda ruwan zafi ya fi narkar da dalma.

Na biyu sinadarin naitiret ne, wanda ke gangarowa daga takin zamani da kashin dabbobi da ramukan masai zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ma'auninsa miligiram 50 ne a lita, kuma an sa shi ne musamman saboda jarirai masu shan madarar gwangwani, domin yana hana jininsu ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata, har leɓe da farce su sauya launi zuwa shuɗi-shuɗi. Idan kika ga haka a jikin jaririya, asibiti za a nufa nan take. Idan garinku yana shan ruwan rijiyar burtsatse a tsakiyar gonaki, ina ba ki shawara da babbar murya a gwada ruwan, kafin nan kuma ki haɗa mata madara da ruwan da aka tabbatar da ingancinsa. Ki sani cewa matacin gawayi na gida yana gyara wari da ɗanɗano amma ba ya cire naitiret, kuma ba kowane mataci ne ke cire dalma ba, sai wanda aka gwada aka tabbatar da shi don wannan aiki.

Tambaya: Mu 'yan kwamitin unguwa ne, muna so a gwada mana ruwa. Me za mu nema, kuma daga ina za a ɗebi ruwan? Daga wani dattijo.

Amsa: Ranka ya daɗe, wannan yunƙuri abin yabo ne. Gwaji na farko shi ne na ƙwayar cutar E. coli, wadda samunta ke nuna bayan-gida ya taɓa ruwan, kuma ƙa'ida ita ce kada a same ta ko ɗaya a cikin mililita 100. Sai ragowar kulorin da yawan laka, daga nan dalma da naitiret. Idan ruwan na ƙarƙashin ƙasa ne a ƙara da sinadarin asenik, wanda guba ne, da kuma sinadarin fuloraid, wanda shi ne idan ya haura miligiram 1.5 a lita yake ɓata haƙoran yara da dabbare-dabbare.

Ku karɓi kwalba daga ɗakin gwaje-gwajen da zai yi aikin, domin ta gwajin ƙwayoyin cuta dole ta zama wadda aka tsarkake, a riƙe ta cikin sanyi, a kai ta cikin 'yan sa'o'i. Kada ku tsaya ga wuri ɗaya. Ku ɗeba daga famfon da ke kusa da matata, da wanda ke can ƙarshen layin bututu inda kulorin ke ƙarewa, da kuma tankin wani gida, domin bambancin sakamakon ne zai nuna muku inda matsalar ke shiga. Ku maimaita da damina, ku maimaita a ranar da aka dawo da ruwa bayan ɗaukewa, ku rubuta rana da wurin kowane samfur. Idan kun je wurin hukumar ruwa, ku tambaye su sau nawa suke auna kulorin a ƙarshen layi, ku nemi ganin sakamakon a rubuce, ku kuma miƙa musu jerin wuraren da kuka ga bututu ya fashe ko ya ratsa cikin kwata a unguwarku.