Kiɗan falon otal da haƙƙina da aka cinye

Jiya muna kashe janareta ka tambaye ni, wai Oga, mai haɗa kiɗan taushi irin wanda ake saki a falon otal da gidan abinci, ta ina yake bi har ya ci abinci da sana'ar, tunda ba a kiransa biki, ba a yi masa liƙi? Na yi maka shiru ne don tambayar ta sosa mini inda ke yi mini ciwo. Jawo kujera.

Batun koyon fiyano da daidaita sauti ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda ya shekara biyu yana sharar sitidiyon nan bai iya wannan ba, gara ya koma sayar da katin waya. Abin da nake so ka sani shi ne kiɗan nan yana da asali. Tun 1917 wani Bafaranshe, Erik Satie, ya rubuta kiɗan da ya kira na kayan ɗaki, wato ya zauna a wuri kamar kujera, mutane na hirarsu. A 1978 Brian Eno na Ingila ya fitar da faifan da ya yi don filin jirgin sama, daga nan sunan wannan kiɗa, wato ambient, ya kama. A tsibirin Ibiza na ƙasar Sifen kuma, José Padilla ya riƙa saka wa masu kallon faɗuwar rana kiɗa a Café del Mar, har aka soma fitar da shi a faifai a 1994. Mu nan kuwa ta bayan fage muka shigo: kiɗan da ke ƙarƙashin kukan uwar miji a fim, tallar rediyo, sannan otal.

To, otal ɗin ne ya ƙone ni. Wani alhaji mai otal a Abuja ya aiko a kira ni. Yana son kiɗan awa uku, marar waƙa, wanda baƙo zai ji sanyi a ransa bai san daga ina ba. Wata uku na yi a kai. Na ɗauko tsoho mai sarewa daga ƙauye, na biya shi daga aljihuna. Na naɗi gurmi, na ja sautinsa har ya koma kamar iskar asuba. Ƙarar ruwan sama a kwanon gidanmu ma sai da na naɗa da tsakar dare. Ban taɓa aiki mai kyansa ba, kuma kai shaida ne ba na yabon kaina a banza.

Ya ba ni kafin alƙalami, ya ce sauran sai ya ji. Da na kai, sai manajansa ya ce in bar musu komai a filashi, har da kowane sauti daban-daban, wai injiniyansu zai daidaita da sifikokinsu. Na bayar. Ba takarda, ba shaida, sai "Allah ya sa albarka". Kunya ta hana ni cewa a rubuta, ina ganin babban mutum ne, ya haife ni. Cikon kuɗin na bi shi har takalmina ya cinye, daga ƙarshe mai gadi ya daina buɗe mini ƙofa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Bayan shekara na ce bari in ɗora aikin a intanet, sai saƙo ya zo wai kiɗan yana da mai shi. Wani yaron gidan ya yanyanka shi, ya raɗa wa kowane yanki sunan Turanci, ya yi rajista da sunansa. Ruwan saman gidanmu, ni ne na zama ɓarawonsa! Lauya ya tambaye ni takardar yarjejeniya, na sunkuyar da kai.

Don haka otal hayar kiɗa ake ba shi. Ka rubuta reshe nawa, shekara nawa, kuma asalin sautukan ba sa fita daga kwamfutarka ko da ubanka ne mai otal ɗin. Ka yi rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙi irin MCSN kafin kowa ya ji. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma "mun yi magana da baki" wuyar tabbatarwa gare shi a gaban doka.

Ku yaran yanzu kuwa, daga kun haɗa minti biyu a waya sai manhajar sauraron kiɗa ta Spotify, kuna lissafin mota. Spotify ɗin sai 2021 ya shigo Najeriya, kuma tun 2024 kiɗan da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ko kwabo ba ya kawowa. Wa ya san ka da zai saurara? Kuma ba ku da haƙurin barin sauti ɗaya ya numfasa, sai kun cusa ganga.

Bara aiki ya kai ni Abuja, na shiga otal ɗin don kawai in gani. Sarewar tsohon nan ce ke tashi a falo, shi kuwa ya rasu tuni. Na sayi ruwan gora, na zauna na ji har ƙarshe, na biya kuɗin ruwan na fito.