Amsa ga baban da aka sa ɗan shekarar farko a gaban ɗansa

Assalamu alaikum Malam. Na ga tambayarka tun daren jiya, ka ce yaronka yana shekara ta uku a jami'a yana buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, bara da shi ake fara wasa a sefti, wato mai tsaron can baya, bana jerin sunayen masu fara wasa ya fito an ɗora wani ɗan shekarar farko a samansa, kana neman shawara ko ya zauna ko ya shiga fotal, wato rajistar 'yan wasa masu neman sauya wuri, ya canza makaranta. Wallahi kasa rubuta komai na yi a lokacin, saboda abin da ya sami nawa kenan, wurin wasa ne kawai ya bambanta, nawa layinbaka ne, mai tsaro a tsakiya. Allah ya ba ku haƙuri, kai da mahaifiyarsa, don na san gidan naku yanzu ba wanda ke cin abinci da daɗi.

Kafin komai, wasa nawa ya buga bana? Kuma ya taɓa cin shekarar redshat ɗinsa, wato shekarar da ake ajiye wa ɗan wasa ba a lissafa ta cikin kakanninsa, ko tana nan? Don Allah ka kira shi yau ka tambaye shi. Dokar da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta kawo a 2018 ta ce yaro zai iya shiga wasa har 4 a kaka ɗaya kuma ba a lissafa masa shekarar ba, in dai bai taɓa amfani da damar ba. Da zarar ya taka fili a na 5, ko da sau ɗaya ya ruga a bugun farko ya dawo benci, shekarar ta tafi. Shekara 5 gare shi ya buga kaka 4, to ka ga ɗaya ba ƙaramin abu ba ce. A nan aka cuce mu, shi ya sa na fara da shi.

Mu kocin da ya ɗauko yarona, wanda ya zo har falonmu ya zauna ya ci tuwo da hannu yana yabon miya, ya samu aiki wata makaranta ya tafi. Sabon da aka kawo ya zo da nasa yaron, wani da masu auna 'yan wasa suka ba tauraro huɗu cikin biyar, da ya daɗe yana bi tun yana sakandare, yaron ma bai jira bikin gama makaranta ba, a Janairu ya shigo jami'a don ya samu atisayen bazara. Duk da haka kocin nan ya dubi ɗana ido da ido ya ce masa wurin naka ne, kai ne babba, kai za ka koya masa. Yarona kuwa ya ɗauki maganar da zuciya ɗaya, shi ke zama da yaron da daddare suna kallon bidiyon wasa, yana nuna masa in ka ga mai tsaron layi ya ɗora nauyinsa a baya to jifa za a yi, in ka ga kaza to gudu ne, har a motarsa yake kai shi cin abinci don yaron ba shi da mota. Sati na wasan farko, ranar Litinin, makaranta ta saki jeri ga 'yan jarida, a waya ɗana ya ga sunansa na biyu. A waya fa Malam, wani ɗan jarida ne ya sa hoton takardar. Ba wanda ya kira shi ofis, ba wanda ya ce masa ga dalili. Mu kuma mun riga mun sayi tikiti, mun kama ɗaki a otal, ƙannensa sun sa riga mai lambarsa, uwarsa ta yi dambun nama cike da roba za ta kai masa. Muka zauna a filin nan tun daga farko har ƙarshe ina kallon bayan ɗana yana tsaye a gefe riƙe da hular kwano a hannu, duk sanda masu tsaron baya za su shiga sai ya ɗan matsa gaba kusa da kocin ko zai waiwayo, mutumin nan ko kallonsa bai yi ba. Ƙaramar ƙanwarsa tana ta tambayata Baba yaushe Yaya zai shiga, na rasa me zan ce mata. Da aka tashi ya fito ya gaishe mu yana murmushi wai ba komai, amma da ya sunkuya zai karɓi robar a hannun uwarsa na ga hannunsa yana rawa. Har gobe in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Ɗana ya je ya same shi cikin ladabi ya ce tunda haka ne a bar shi a wasa 4 ya ajiye shekararsa. Ya ce masa to, za mu duba. Wasa na 5 ana cin su da tazara mai yawa, saura 'yan mintuna a tashi, ya kira sunansa ya tura shi. Yaro zai ce a'a a gaban jama'a? Ya shiga, shekara ta ƙone a wasan da an riga an sha kashi. Mutumin nan ya san abin da yake yi, ya fi ni sanin doka. Na bar shi da Allah, ban yafe ba tukuna, gaskiya na faɗa maka.

To amma duk da zafin da nake ji, ba zan ce maka duk kocin da ya sa ƙarami a gaba azzalumi ne ba. Jerin nan abu biyu ke ja-in-ja a cikinsa. Akwai yarda, wato wa koci ya san ba zai ɓata tsari ba in fili ya rikice mutum dubu 80 suna ihu, wannan na tsohon hannu ne, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Akwai kuma abin da jiki zai iya, gudu da tsalle da tsawon hannu, wannan ba a koyar da shi, kuma koci yana lissafin cewa in ƙaramin ya kai kusa da babban a yau, to nan da Nuwamba zai wuce shi, kuma zai more shi shekara 3. Sai abu na uku da ba sa faɗa a fili, tun da aka buɗe fotal a 2018 kuma kuɗin NIL, wato kuɗin da ɗan wasa ke samu da sunansa da hotonsa, ya shigo a Yuli 2021, yaro mai taurari in ka zaunar da shi a benci kaka ɗaya tafiya zai yi, koci kuma shi za a tambaya ina yaron da aka kashe wa kuɗi. Ɗanka mai haƙuri sun san ba ya hayaniya, shi ya sa ya fi sauƙin turawa ƙasa. Yaranmu tarbiyyar da muka ba su ta kawaici wani lokaci ita ake amfani da ita a kansu.

Wurin da yake bugawa yana taimakonsa kuma. Da mai karɓar jifa ne ko mai gudu da ƙwallo da na ce abin da wuya, don nan ƙafa ke magana, ɗan shekara 18 yana iya zuwa ya ƙwace wuri a sati biyu. Amma sefti shi ke tsara na baya, shi ke faɗa wa kowa inda zai tsaya, kuskurensa ɗaya maki 6 ne. Sabon yaro yakan yi kyau a wasannin Satumba da ƙananan makarantu, sai an shiga wasannin rukuni masu tsara hari sun gano shi sun fara yaudararsa da motsi kafin a saki ƙwallo, a nan ake waiwayar babba. Kuma yanzu yawancin ƙungiyoyi da mutum 5 suke wasa a baya, wani lokaci 6, to ya je ya ce a koya masa wurin nikel, wato na mutum na biyar ɗin, ya koyi sefti ɗin duka gefe biyu. Wanda ya iya wuri uku da wuya a bar shi a tsaye. Ka kuma duba takardar da kyau, in an rubuta OR, wato "ko", tsakanin sunansa da na yaron to ba a gama yanke hukunci ba, kuma abin da ke takarda ba shi ne lissafi ba, a ƙirga sau nawa kowa ya shiga fili ranar Asabar.

Mutane a nan za su kawo maka labarin Jalen Hurts, wanda kwatabak ne, wato mai jifa da ke jagorantar hari, kuma gaskiya ne. Ya ci wasa 26 ya faɗi 2 kacal a jami'ar Alabama, amma a wasan ƙarshe na ƙasa a Janairu 2018 Georgia na gaba 13 da 0 kocinsu Nick Saban ya cire shi a hutun rabin lokaci ya sa Tua Tagovailoa ɗan shekarar farko, suka ci 26 da 23. Hurts bai gudu ba, ya zauna kaka guda a bayan Tua, a Disamba Tua ya ji ciwo a wasan kofin rukuninsu na SEC, Hurts ya shigo ya juya wasan suka ci Georgia 35 da 28, ya karɓi digirinsa sannan ya tafi Oklahoma, a Fabrairu 2025 kuma ya ɗauki Super Bowl, kofin NFL, gasar ƙwararru, tare da Eagles. Amma a shekarar nan dai akwai Kelly Bryant a Clemson, bayan wasa 4 koci Dabo Swinney ya ba ɗan shekarar farko Trevor Lawrence wurinsa, shi kuma ya tattara ya bar ƙungiyar a satin don ya tsira da shekararsa, ya koma Missouri. Clemson ta ɗauki kofi ba shi, ta lallasa Alabama 44 da 16, mutane suka yi ta zaginsa wai ya gudu, ni kuwa ban taɓa ganin laifinsa ba ko kaɗan, ya ƙirga wasanninsa, abin da nake so naka ya yi kenan. Joe Burrow ma ai shekara 3 ya yi a Ohio State bai samu wuri ba, ya gama digiri ya koma LSU, 2019 ya ɗauki Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Abin da nake so ka lura, Hurts da Burrow duka da takardar digiri a hannu suka fita. Kuma waɗannan kwatabak ne da duniya ta san su, makarantu na layi a kansu. Naka da nawa in suka shiga fotal ba lallai waya ta yi ƙara ba.

Wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro da fotal. Ranar da ya sa sunansa, makarantarsa na da ikon yanke masa sikolashif a ƙarshen zangon, kuma ba dole ba ne su karɓe shi in ya ce ya fasa. Yara da yawa sun shiga sun ƙare ba nan ba can. Sannan darussan da ya yi ba duka sabuwar makaranta za ta amsa ba, yaro ɗan shekara ta uku sai a mayar da shi baya a karatu, kuma akwai ƙa'idar cewa kafin shekara ta 4 sai ya gama kashi 60 cikin 100 na digirinsa. Ya je ofishin da ke kula da dokokin NCAA a makarantarsu, kowace makaranta tana da shi, ya tambaya a rubuce ta imel, ranar buɗe fotal da ranar rufewa da matsayin shekarunsa, don dokokin nan kusan kowace shekara sai an taɓa su. Kada ya dogara da bakin koci, kada kuma ya dogara da waɗannan masu kiran kansu ejan da ke shigo wa yara inbox suna alƙawarin kuɗi. In ma tafiyar ce, kada ya raina FCS, matakin da ke ƙasa da na manyan makarantu, gara ya buga kowace Asabar a ƙaramar makaranta ya tara bidiyo da ya tsaya a gefe a babba.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. A 'yan shekarun nan azumi ya riƙa faɗowa a Maris, daidai lokacin atisayen bazara, atisaye sau 15 ne kawai doka ta ba su kuma a nan ake fara rubuta jerin kaka mai zuwa. Nawa da azumi a bakinsa ya yi, nauyinsa ya ragu, kocin nan yana ta jifansa da magana wai ba shi da kuzari, alhali ya san dalili. In naka yana azumi ya je tun kafin wata ya kama ya zauna da mai kula da abincin 'yan wasa da mai kula da lafiyarsu, su tsara masa sahur da buɗa-baki da ruwan da zai sha, a rubuta a ajiye, yawancinsu suna da kirki in an yi musu bayani da wuri. Kada ya yi shiru yana jin kunya.

Kai kuma Malam don Allah kada ka kira koci, kada ka rubuta komai a Facebook ko X, suna gani, kuma a kan yaron zai ƙare. Shi zai je da kansa, ya tambayi kocin ɓangarensu abu ɗaya, me zan gyara in dawo fili, a nuna min a bidiyo. In ya nuna masa abu takamaimai, kusurwar da yake bi wajen kama mutum ko jinkirin karanta hari, to akwai hanya, ya zauna ya yi aiki, ya riƙe wasannin bugun ƙwallo da ƙarfi don masu neman 'yan wasa na NFL suna kallon wannan sosai. In kuwa ya ce masa ci gaba da ƙoƙari kawai, yana kallon agogo, to an gama da shi a wurin, ku fara shiri a nutse. Kuma kada ya huce a kan ƙaramin, yaron ba shi ya rubuta jeri ba.

Nawa dai ya zauna ya ƙarasa, a tsakiyar kaka ta ƙarshe ya dawo fara wasa da wancan ya ji ciwo a kafaɗa, ya gama digirinsa, yanzu yana aiki yana kuma koyar da yara a wata sakandare da yamma. Ƙwallo ta ƙare masa a nan, shekarar da aka ƙona da tana nan da wataƙila ya gwada wani wuri, Allah ne ya sani. Abin da ya fi damuna lokacin shi ne ya daina kiran gida, in an kira shi sai ya ce yana barci, ashe yaron ko abinci ba ya ci sosai, abokin ɗakinsa ne ya gaya mana. Ku riƙa kiransa kuna hira da shi a kan wani abu daban, uwarsa ta kira, ƙannensa su kira, in da hali ka je ka gan shi a ranar da ba wasa. Makarantu suna da masu ba 'yan wasa shawara kan damuwa, ba abin kunya ba ne ya je.

Ka amsa min maganar wasa nawa ya buga da ko redshat ɗinsa na nan, in 3 ne ko 4 to kafin Asabar ɗin nan ya kamata ku yanke shawara. In kana so ka min magana ta inbox in haɗa shi da nawa su yi waya, yaro ya fi sakin jiki da wanda ya taɓa tsayawa a gefen filin.