Littafin ibadar safiya ya ce ban sami ceto ba: me koyarwar Lutheran ta ce?

Tambaya:

Baba Fasto, ina gaisuwa. Ni 'yar LCCN ce, wato Ikilisiyar Lutheran ta Almasihu a Najeriya. An yi mini baftisma ina jaririya, na yi ajin Katekisma, ina cin Jibi. Wata abokiyar aikina ta ba ni ɗan littafin ibada na kullum, irin mai aya ɗaya da bayani da addu'a ga kowace rana. Ina jin daɗinsa, amma abu uku sun tsaya mini a rai. Ya ce wanda bai san ranar da ya miƙa ransa ga Yesu ba bai sami ceto ba tukuna, baftismar jarirai kuwa al'ada ce kawai. Ya ce bayan karatu in yi shiru in saurari abin da Allah zai faɗa mini, in rubuta. Ya kuma ce in na yi azumi, na fitar da ushiri, na furta alkawari da bakina, dole buɗi ya zo. Ni ban san wata rana ba, ba na jin murya, maigidana kuma har yau yana kwance. In jefar da littafin ne, ko ni ce ban tuba ba?

Amsa:

'Yata, sannu da jinya, Allah ya ba maigidan lafiya. Zan fara da abin da ke hana ki barci. Rashin sanin rana ba shaida ba ce cewa ba ki tuba ba, rashin jin murya ma haka, ciwon maigidanki ma haka. Abu ukun da kika lissafa kuwa tushensu ɗaya ne. Kowannensu yana juyar da idonki ciki: ki duba shawarar da kika yanke, ki duba abin da kika ji a zuciya, ki duba ƙoƙarin da kika yi. Koyarwar Lutheran tana ɗaga idon ne waje, zuwa ga abin da Almasihu ya riga ya gama, wanda yake miƙo miki ta wurin Kalma da baftisma da Jibin Ubangiji.

Yana da kyau ki san daga ina wannan salon magana ya zo, don kada ki ɗauka haka Kirista suke magana tun fil azal. Kiran mutane su fito gaba su yanke shawara ya yi ƙarfi ne a tarurrukan farkawa na Amurka. Charles Finney, lauya da ya koma mai wa'azi, shi ya shahara da keɓe benci a gaba domin masu neman tuba, a wa'azinsa na garin Rochester a 1830 zuwa 1831. Ya koyar a fili cewa farkawa ba mu'ujiza ba ce, sakamako ne na yin amfani da dabarun da suka dace. Billy Graham ya gaji kiran fitowa gaba, ya zo da shi har Kaduna da Jos a 1960. Mu kuma ba a keɓe muke ba. Dokta Niels Brønnum, ɗan mishan daga Denmark wanda ya fara aikin da ya zama ikilisiyarmu, ya iso Numan a 1913 ƙarƙashin SUM, ƙungiyar da ta tara mishan daga ɗariku dabam-dabam, kuma tun 1955 muke tarayya ɗaya da sauran ikilisiyoyin da yau ake kira TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Najeriya. Littafin waƙa ɗaya, Littafi Mai Tsarki na Hausa ɗaya, wasu fastocinmu ma a kwalejin tauhidi ta Bukuru suka yi karatu tare da nasu. Wannan zumunci albarka ne, ba na so a taɓa shi. Sai dai ta nan ne maganganu suka gauraya, har ɗan Lutheran yakan faɗi abin da Katekismarsa ba ta faɗa ba, shi bai ma sani ba.

To, batun ranar miƙa rai. Ki tuna bayanin kashi na uku na Shaidar Bangaskiya a Ƙaramar Katekisma, wadda Martin Luther, wanda daga sunansa ake kiranmu Lutheran, ya rubuta a 1529. Da me ya fara? Da cewa na gaskata ba zan iya gaskatawa da Yesu Almasihu ko in zo wurinsa da hankalina ko ƙarfina ba, amma Ruhu Mai Tsarki ne ya kira ni ta wurin Bishara, ya haskaka ni da baye-bayensa, ya tsarkake ni, ya riƙe ni cikin bangaskiya. Kira, haskakawa, tsarkakewa, riƙewa: duba ki ga wa yake yinsu. Ba ke ba ce. Ba Luther ne ya ƙirƙiro wannan ba. Afisawa sura 2 ta ce dā matattu muke cikin laifuffukanmu, kuma ceto ta wurin alheri ne, baiwar Allah ce, ba daga gare mu ba. Matacce ba ya yanke shawara. A Yohanna 15:16 Yesu ya gaya wa almajiransa cewa ba su suka zaɓe shi ba, shi ya zaɓe su. Ayar da irin waɗannan littattafai suke yawan ɗorawa a kai, Ru'uya ta Yohanna 3:20, inda yake tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa, ki buɗe ki karanta daga aya 14. Ga ikilisiyar Lawudikiya aka aika da ita, mutanen da suka riga suka ba da gaskiya suka yi sanyi.

Wani zai ce ai bambancin na baki ne kawai, tunda mu ma mun ce dole a ba da gaskiya. Na baki ne muddin lafiya lau ake. Ran da shakka ta zo ne ake ganin nisan da ke tsakani. Wanda ya jingina cetonsa ga shawararsa, in dare ya yi Iblis ya fara tuhuma, tambayar da zai fuskanta ita ce: da zuciya ɗaya ka yi addu'ar nan kuwa? Ka miƙa duka, ko ka rage wani abu? Babu mai gaskiya da zai amsa wannan hankali kwance. Shi ya sa za ki ga mutum ɗaya yana fitowa gaba a kowane babban taro, bana ya miƙa rai, baɗi ya sake miƙawa. Ni ba na yi masa dariya, tausayi yake ba ni, don an nuna masa inda ba a samun tabbaci aka ce ya nema a can. Bangaskiya hannun mai bara ce: aikinta karɓa, kuma darajar sadaka ba ta dogara ga ko hannun yana rawa ko ba ya yi. Mahaifin yaron nan na Markus 9 da ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, bai koma gida hannu wofi ba.

Kuma in rana ake nema, kina da ita, tana rubuce a rajistar majami'arku. Ranar da aka zuba miki ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ne ya yi aiki, fasto hannu kawai ya ara masa. Titus 3:5 ta kira shi wankan sake haihuwa. Bitrus a ranar Fentikos ya ce alkawarin naku ne da na 'ya'yanku. Shaidar Augsburg, babbar takardar koyarwar Lutheran wadda Philip Melanchthon, abokin aikin Luther, ya tsara aka karanta a gaban Sarki Charles na Biyar ran 25 ga Yuni 1530, ta ce a sashe na 9 a yi wa yara baftisma, domin ta wurinta ake miƙa su ga Allah su shiga alherinsa. A Babbar Katekisma Luther ya ce in zunubi da lamiri suka danne mutum, ya amsa da cewa: amma ai an yi mini baftisma, ina da alkawari.

A nan fa sai in ja kunnenmu mu 'yan gida, don littafin naki ya taɓa wani miki na gaske. Akwai masu takardar baftisma a akwati waɗanda rabonsu da jin Kalma tun ranar aurensu. Koyarwarmu ba ta ba su mafaka ba. Mutum yana iya yin watsi da baiwar da aka ba shi, ya faɗi daga bangaskiya. Katekisma ta ce ma'anar baftisma ita ce tsohon Adamu a cikinmu ya nutse kowace rana ta wurin nadama da tuba, sabon mutum ya fito. Na farko cikin batutuwa 95 da Luther ya rubuta a 1517 kan cinikin gafara ma abin da ya ce ke nan, dukan rayuwar mai bi tuba ce. Saboda haka wanda ya yi shekaru a ɓace, ya ji wa'azi a wani taro ya rushe da kuka ya dawo, mu ma muna murna da shi, kuma in ya tuna ranar babu laifi. Abin da za mu ce masa shi ne Ruhu ne ya komo da shi ga baftismarsa. Ba a sake yi masa wata, domin alkawarin Allah bai lalace ba, shi ne ya yi nisa.

Sai batun yin shiru a saurari murya. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun Luther yana da rai akwai irin su Thomas Müntzer da suke fifita abin da suka ce Ruhu ya faɗa musu kai tsaye a kan rubutacciyar Kalma. Sashe na 5 na Shaidar Augsburg ya ƙi wannan ra'ayi, a rubutun da ya shirya domin taron garin Smalcald na 1537 kuma Luther ya nanata cewa Allah ba ya ba kowa Ruhunsa ko alherinsa sai ta wurin Kalmar da ake ji da kunne, ko tare da ita. Dalilin a bayyane yake. Zuciya tana magana, tsoro yana magana, son rai yana magana, kuma duk suna iya yin shigar muryar Allah. In kika rubuta abin da ya faɗo miki kika sa masa sunan Ubangiji, da me za ki gwada shi? Sau da yawa a nan ake samun "Allah ya ce mini" da ke raba aure ko ya raba zumuntar mata biyu.

Ba ina cewa ki daina yin shiru ba. A 1535 Luther ya rubuta wa wanzaminsa, Peter, 'yar takarda kan yadda ake addu'a. Ya ce ya ɗauki doka ɗaya cikin Dokoki Goma, ko sashe na Shaidar Bangaskiya, ya juya shi sau huɗu: me yake koya mini, me zan gode a kai, me zan furta na zunubi, me zan roƙa. Har ya ƙara da cewa in Ruhu ya fara yi maka wa'azi a zuciya da tunani masu kyau, ka dakata ka saurara. Kin ga akwai sauraro, amma a ɗaure yake da nassin da ke buɗe a gabanki. Ke da kike cewa ba ki jin murya, ran Lahadi da fasto ya juyo ya ce an gafarta muku zunubanku cikin sunan Yesu, muryar wa kika ji? Da aka sa miki gurasa a hannu aka ce domin ke aka bayar fa?

Na ukun ba zai ɗauke mu lokaci ba, don shi ne mafi sauƙin ganewa kuma mafi cutarwa. Azumi horo ne mai kyau ga jiki, bayarwa da daɗin rai kuma Allah yana sonta. Amma da zarar an ce yi kaza dole Allah ya yi kaza, an mai da alheri ciniki, kuma rigimar 1517 a kan cinikin gafara ta tashi. Bayanin roƙo na huɗu na Addu'ar Ubangiji ya ce Allah yana ba da abincin yini har ga mugaye, ko ba mu roƙa ba. Muna roƙo ne domin mu gane daga wurinsa yake, mu karɓa da godiya. Cikin abin da Luther ya lissafa a matsayin abincin yini har da lafiya, don haka ki roƙa wa maigidanki warkewa gaba gaɗi. Sai dai ki tuna Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka ce masa alheri ya ishe shi. Luther kansa tsakuwar ƙoda ta kusa kashe shi a Smalcald, kuma 'yarsa Magdalena ta rasu a hannunsa a 1542 tana da shekara 13. Ba wanda zai ce rashin ushiri ne. Koyarwar da za ta sa mace mai jinya ta koma zargin kanta, ni ba ni da wata kalma mai laushi da zan kira ta da ita.

To, a jefar da littafin? Ban gan shi ba, don haka ba zan yanke hukunci a kan kowane shafi ba. Da yawa cikin irinsu suna sa mutane buɗe Littafi Mai Tsarki da asuba, abin da mu muka yi sakaci da shi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In za ki ci gaba da shi, ki riƙa karanta surar da aka ciro ayar gaba ɗaya, ba ayar kaɗai ba. Irmiya 29:11 da ake yawan sa wa a shafin farko, ga masu bauta a Babila aka faɗe ta, kuma aya 10 ta ce sai shekara 70 sun cika. Sannan in kin gama shafin ranar, ki tambayi kanki: an gaya mini abin da zan yi ne kawai, ko an gaya mini abin da Almasihu ya yi domina? Shari'a tana da wurinta, tana nuna zunubi, tana nuna hanya. Amma shafin da ya ƙare da aiki a wuyanki ba tare da gafara ba, rabin saƙo ya kawo. In kin ga mako ya zagayo kullum haka ne, ki ajiye shi, ki ɗauki Zabura da Bishara ɗaya da Katekismarki. A bayanta akwai tsarin addu'ar safe: alamar gicciye da sunan Triniti, Shaidar Bangaskiya, Addu'ar Ubangiji, gajeriyar addu'ar godiya, sai a tafi aiki da waƙa. Ba ya kai minti biyar.

Abokiyar aikinki kuwa da kyakkyawar niyya ta ba ki, kada ki mai da abin gardama. In ta tambaye ki yaushe kika sami ceto, ki ce mata a kan gicciye aka gama shi, a baftisma aka ba ki shi, yau ma kina riƙe da shi ta wurin bangaskiya. Ki kuma sanar da faston ku halin da maigidan yake ciki, ki roƙe shi ya kawo masa Jibi har gida. Haƙƙinsa ne na ɗan ikilisiya, ba sai ya iya tashi ba.