Lambu a Bayan Ɗaki: Da Me Zan Fara?

Tambaya: Ina da ɗan fili a bayan ɗakina, ina so in shuka kayan miya kuma wurin ya yi kyan gani. Da me zan fara? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki fara da gyaran ƙasa, ki gauraya ta da takin awaki wanda ya riga ya ruɓe, domin ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona saiwa. Alayyafo ne zai fara faranta miki rai, tunda cikin mako 4 za ki iya tsinka, sannan ki ƙara da yakuwa da kuɓewa a inda rana ta fi bugawa. Zogale kuwa reshe kawai za ki kafa a jikin katanga.

Na'ana'a tana yaɗuwa ta mamaye wuri, saboda haka ki ware mata tukunyar ƙasa da aka huda gindinta, ki jera ta da ta ɗoɗɗoya a bakin ƙofa, inda ƙamshinsu zai riƙa tarbar mai shigowa da yamma bayan ban ruwa. Ni a ganina tukwanen nan sun fi bokitin roba kyau, kuma ba sa ɗaukar zafi sosai. Idan kina kiwon kaji, ki kewaye wurin da zana kafin ki zuba iri.