Hukuncin ɗanɗana giya a tofar don tantance ingancinta

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar abinci a jihar Washinton ta Amurka. Na sami aikin wucin gadi a ɗakin gwaje-gwajen wani ƙaramin kamfanin giya. Yanzu sanyi ya shigo, sun dafa giyar da suke fitarwa lokacin hunturu kaɗai, mai yawan furen hof (wani tsiro da ake zubawa a giya), sun sa ni cikin masu ɗanɗanawa su ba da maki. Niyyata in kurɓa in tofar, ba zan haɗiye ba, kamar yadda mai azumi yake ɗanɗana miya. Ya halatta? In bai halatta ba, zan iya shinshinawa kawai, ko in tsaya a kan aikin awo da na'ura? Da kuɗin nan nake biyan haya.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kofin bai kai bakinka ba. Ɗanɗana wannan giya haramun ne, ko ka haɗiye ko ka tofar, ba ta maki shi ma haramun ne. Ga dalili.

Mu fara da abin da ke cikin kofin. Irin wannan giya ana yin ta da sha'ir da aka jiƙa ya tsiro, a busar, a niƙa, a dafa ruwansa, a zuba furen hof, sannan a sa yis ya mai da zaƙin ya zama barasa. In ka cire hof, kusan hanyar burukutu ce da ake yi da dawa a ƙasarmu. Shi hof ɗaci da ƙanshi yake bayarwa, kuma jihar da kake zaune, musamman kwarin Yakima, ita ke noma mafi yawan wanda Amurka ke samarwa. Ana girbe shi wajen Agusta da Satumba, shi ya sa giyar hunturu ke zuwa da shi sabo. Fitacciya a cikinsu, Celebration ta kamfanin Sierra Nevada a Kalifoniya, tun 1981 ake yin ta, kuma barasar cikinta kashi 6.8 cikin ɗari ce, alhali giyar kwalba ta yau da kullum ba ta cika wuce kashi 5 ba. Wato in wadda za a miƙo maka irinta ce, ta ma fi saurin bugarwa.

Wasu samari suna cewa hamru, wato giyar da Alƙur'ani ya haramta, na inabi ne kawai. Sahabbai sun riga mu yin wannan tambaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da aka aika Abu Musa al-Ash'ari Yaman, ya tambayi Annabi (SAW) game da abin sha biyu, Bit'u na zuma da Mizru na sha'ir, sai ya ce: “Duk mai sa maye haramun ne.” Mizru ita ce giyar sha'ir, kakar wadda kake tambaya a kai. Sayyidina Umar ma ya faɗa a kan mumbari cewa an saukar da haramcin giya alhali ana yin ta da abu biyar, inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, ya ce hamru shi ne abin da ya lulluɓe hankali.

Har zancen sanyin ma an yi shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Dailam al-Himyari ya ce wa Manzon Allah (SAW) suna zaune a ƙasa mai sanyi, suna aiki mai wuya, suna yin wani abin sha da alkama don su sami ƙarfin aiki da jure sanyin garinsu. Annabi ya tambaye shi abu ɗaya: yana sa maye? Ya ce e. Ya ce to ku nisance shi. Duk sanda na karanta hadisin nan sai in ji tausayin Dailam, domin uzurinsa na gaske ne, mutum ne mai neman abin da zai ɗumama jikin mutanensa. Duk da haka ba a ba shi rangwame ba, balle mu da muke da rigar sanyi da shayi.

Yanzu ga kiyasinka da mai azumi. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa babu laifi mai azumi ya ɗanɗana abin da ke cikin tukunya, wannan gaskiya ne. Amma miya halal ce a karan kanta, abin da aka hana mai azumi shi ne ya kai ta ciki kafin rana ta faɗi, in ta faɗi ya sha abarsa. Giya kuwa ita kanta ce aka haramta, dare da rana. A Suratul Ma'ida aya ta 90 Allah ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya ce “fajtanibuhu”, ku nisance shi. Umarnin nisanta ya fi hana sha faɗi. Wanda aka ce ya nisanci rijiya, bai bi umarni ba in ya zauna a bakinta ya zura ƙafafu.

Sannan tofarwa ba ta fitar da komai da komai. Abin da ya gauraya da yawu zai wuce maƙogwaro, kuma hadisin Jabir da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. A kan wannan Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suke. An san Imam Abu Hanifa da Abu Yusuf sun sassauta a kan ɗan abin da bai kai ga maye ba na abin shan hatsi, amma Muhammad ash-Shaibani ya saɓa musu, kuma a kan maganarsa malaman Hanafiyya na baya suke ba da fatawa. Ga kuma najasa: mazhabobin nan huɗu suna ganin giya najasa ce, ko da yake Rabi'a, malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad sun ce ba najasa ba ce. A ra'ayin mafi rinjaye, kana kurkure baki ne da najasa da gangan, bakin da za ka karanta Fatiha da shi.

Akwai wani abu da kai ka fi ni sani. Masu tantance giyar inabi sukan tofar, amma masu tantance giyar sha'ir galibi haɗiyewa suke yi, don su ji ɗacin da ke saura bayan ta wuce. Takardar makin da shirin BJCP mai ba masu tantance giya shaidar ƙwarewa, wanda aka kafa a 1985, ke amfani da ita tana da maki 50, kuma 20 daga ciki na ɗanɗano ne, 12 na ƙanshi. A giya mai yawan hof, wannan ɗacin na ƙarshe shi ne abin da ake nema. Ba za a daɗe ba abokan aikinka za su ce makinka bai cika ba tunda ba ka haɗiye. Ina ji maka tsoron wannan ranar, kana kai kaɗai, ga kunya, ga haya.

Shinshinawa kaɗai ba sha ba ce, kuma wanda ƙanshin giya ya bugi hancinsa yana wucewa ba shi da laifi. Sai dai kai ba wucewa kake yi ba. Za ka zauna a teburin da kofuna ke zagayawa, alhali Annabi (SAW) ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Kuma me makin naka zai yi? Da shi za a gyara dahuwa, a ƙara hof ko a rage, don ta fi daɗi ta fi shiga kasuwa. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas cewa an la'anci mutum goma a kan giya, ciki har da mai matse ta, da mai ɗaukar ta, da mai zuba ta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Ka lura, mai shan ɗaya ne kawai a cikin goman.

Wannan ne ya kai mu ga abin da ba ka so ji ba, amma amana ce in faɗa. Aikin awon ma, in giyar kake auna wa ɗaci da yawan barasa don ta fito daidai, yana cikin yin ta, kuma Allah ya ce kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Ban ce ka fita yau ka kwana a titi ba. Kwamitin ɗanɗano ka bar shi nan take, ka ce addininka bai yarda ba, a ladabce. Aikin kuwa ka fara neman wani daga gobe da gaske, in babu abin da za ka ci ko inda za ka kwana sai da shi, ka zauna gwargwadon lalurar kana istigfari, ka bar shi da zarar ka samu. Albashin da ka karɓa kafin ka san hukunci, ina fata Allah ba zai kama ka da shi ba.

Iliminka kuma bai lalace ba. Furen hof tsiro ne mai tsarki, ba ya sa maye, kuma ruwan hof da ake yi ba tare da yis ba halal ne, kamar abin shan malt da bai taɓa zama giya ba. Wadda ake rubuta wa “marar barasa” kuwa ka bincika, don dokar Amurka ta yarda a kira ta haka in ba ta kai kashi 0.5 cikin ɗari ba, kuma da yawa giya ce cikakkiya aka yi sannan aka cire barasar. Malaman zamani sun yi saɓani a kanta, ni dai ba na ba da shawarar yin aikinta, tunda sai an dafa giyar tukuna. Harshe da hancin da aka horar, kamfanonin gahawa da shayi da madara da ruwan 'ya'yan itace duk suna neman su, kuma jihar da kake ta yi suna a gahawa da tuffa. Ka je ofishin da ke nema wa ɗalibai aiki a makarantarku cikin wannan mako, ka kuma gaya wa limamin masallacinku halin da kake ciki game da haya.

Wallahu a'alam.