Tambaya da Amsa: Me ya sa mata ke fita daga farmasinmu ba su faɗi damuwarsu ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a wani farmasi da ke unguwar Zariya, nan Maraɗi. Sau da yawa mace takan shigo, ta dubi mutanen da ke tsaye, ta sayi farasitamol kawai ta fita, alhali da ganin fuskarta ba shi ne ya kawo ta ba. Mu kuma kafin la'asar ƙafafunmu sun yi tsami. Mai farmasin zai gyara wurin bayan damina, kuma ya nemi shawararmu. Me zan ce masa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Ki fara da maganar kantar da kuke tsayawa a bayanta, domin a nan matsalar take. Farmasi da yawa kanta ɗaya suke da ita, doguwa, inda ake miƙa takardar likita, a biya kuɗi, a karɓi magani, duk a wuri guda, wani lokaci ma ta bayan gilashi mai ƙaramar kafa wadda sai mutum ya ɗaga murya ake jin sa. Matar da ta zo neman maganin tsarin iyali ko na ciwon sanyi ba za ta buɗe baki ba alhali maƙwabcinta ko abokin mijinta na tsaye kafaɗa da kafaɗa da ita, haka nan dattijon da basur ya dama. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne inda suke nufa bayan sun fita: wajen mai tallar magani a bakin kasuwa, wanda kayansa suka wuni a rana, amma yana sauraron su cikin sirri.

Saboda haka ki roƙi mai farmasin ya raba wurin biyan kuɗi da wurin ba da shawara, ya ware wani lungu mai tazarar taku uku ko huɗu daga layi, a kare shi da katanga iya ƙirji. Ban ba da shawarar ɗaki mai ƙofa ba, domin a garinmu mace ta shiga rufaffen ɗaki da ma'aikaci namiji abin magana ne, kuma duk wanda aka ga ya shiga za a ce babban ciwo gare shi. Abin da ake so shi ne a ga mutum amma kada a ji shi. Zana layi a ƙasa ba ya hana mutane matsowa. Benci ne ke hanawa, don wanda ya samu wurin zama ba ya tsayawa a kan wani, ga shi kuma tsofaffi da masu goyo sun huta.

Sai zafi. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu kada a ajiye su inda ya haura digiri 25 ko 30, alhali a Afrilu da Mayu Maraɗi takan wuce 40. Kada a jingina kantoci da bangon yamma, wanda ke shan rana har faɗuwarta, kuma kada a jera magani a jikin gilashin gaba don ado. Insulin da alluran rigakafi suna buƙatar firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, da ma'aunin zafi a ciki, da sola ko janareta saboda ɗaukewar wuta.

Gajiyarku ma ta shafi lafiyar masu saye, domin mai gajiya shi ke miƙa kwalin da ba shi ba. A dawo da abin da aka fi nema kusa da hannu, musamman daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika farmasi. Maganin artemeta-lumefantirin yana zuwa ne ƙwaya 6, 12, 18 ko 24 gwargwadon nauyin mara lafiya, kuma kwalayen sukan yi kama, don haka kowanne ya samu gurbinsa da rubutu baro-baro da fitila mai haske a kansa. Ki nemi doguwar kujera ga kowace ma'aikaciya, da ƙaramar taga mai ƙarfe da fitila a waje don daren da farmasinku ke gadi, wato ranar da shi ne ke kwana yana aiki. Idan kuɗin bai isa duka ba, a fara da lungun shawara da bencin, domin kafinta zai gama su cikin ƴan kwanaki.