Gindin kariyata ya yi laushi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara ƙanina ya kawo mini kariya daga Katsina, na dasa ta a tsakar gida nan Unguwar Rogo, Jos. Da rani ta yi fure gwanin sha'awa, amma tun shigowar Agusta ganyen yake yin rawaya, gindin kuma ya yi laushi. Ga shi kullum sai na ba ta ruwa. Ina mafita? Daga wata Hajiya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ruwan ne yake kashe ta. Kariya 'yar busasshiyar ƙasa ce, tana fitowa da kanta tun daga Senegal har Sudan da Yaman, kuma kumburarren gindin nan rumbun ruwanta ne. Jos tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, kusan ninki biyu na Katsina, ga sanyin tudu da ba ya barin ƙasa ta tsane da wuri. Ke kuma kina ƙara mata da bokiti!

Ki tone ta yau ɗin nan. Ki karkaɗe ƙasar, ki sa wuƙa mai kaifi ki yanke duk inda ya yi baƙi ko ya yi taɓo-taɓo, har sai kin kai nama mai tauri. Ki ajiye ta a inuwa kamar mako guda, yankan ya bushe. Sannan ki mayar da ita tukunyar ƙasa mai huda a gindi, rabi yashi da tsakuwa, rabi ƙasa, ki bar kumburin a sama. Ni dai a Jos ban yarda da dasa kariya a ƙasa ba, sai a tukunya, don da damina a ja ta bakin baranda inda rana ke samunta amma ruwa bai dukanta. Ban ruwa kuwa, sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe ƙamas. Idan ta zubar da ganye da hunturu kada ki damu, hutu take yi.

In ruɓar ta cinye gindin duka, yanki lafiyayyen reshe, ki bari ya bushe, ki kafa shi a yashi. Zai kama, sai dai ba zai yi ƙaton gindi irin na wadda aka shuka daga iri ba.

Ki sa leda a hannu kafin ki fara yankan. Ruwan jikinta guba ne, da shi mafarauta ke haɗa dafin kibiya, don haka guntayen da kika yanke ki binne su inda yara da awaki ba za su kai ba.